Tarihin Talabijin: Daga Faifan Nipkow Zuwa Tsakar Gida a Gama

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a unguwar Gama ta ƙaramar hukumar Nassarawa a birnin Kano cikin shekarun 1980, zai iya tuna yadda maraice yake kasancewa a gidan da ke da akwatin talabijin. A wancan lokaci tashoshi ba sa kwana suna aiki. Sai wajen ƙarfe huɗu na yamma ake buɗewa da taken ƙasa, a kuma rufe idan dare ya raba. Yaran maƙwabta kan yi sahu a kan tabarma tun kafin a kunna, in wuta ta ɗauke a jona batirin mota, in hoto ya yi dishi-dishi a tura wani ya hau soro ya juya eriya. Tashoshin da ake kamawa kuwa ba su da nisa: NTA Kano tana Bompai, CTV kuma tana Hotoro a kan hanyar Maiduguri.

Wannan darasi zai duba abubuwa uku. Na farko, yadda idon ɗan Adam da ƙwaƙwalwarsa suke ba talabijin damar yin aiki. Na biyu, yadda masana suka ƙago na'urar, da yadda ta iso ƙasar Hausa. Na uku, mutanen da suka tsaya gaban kyamara suka mai da ita abin sha'awa ga jama'a, da halin da ayyukansu suke ciki.

Ido Shi Ne Tushe

Ba za a fahimci talabijin ba sai an fara fahimtar ido. Tun kimanin shekara dubu da suka wuce, masani Ibn al-Haisam, wanda ya zauna a Alƙahira, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga cikin ido. Hasken yana ratsa baƙin ido, ya faɗa a kan wani siririn tantani da ke shimfiɗe a can bayan ƙwayar idon. A jikin wannan tantani akwai ƙwayoyin halitta iri biyu masu karɓar haske. Iri na farko masu siffar sanda ne, yawansu ya kai kimanin miliyan 120, kuma su ne ke aiki a cikin duhu-duhu, amma ba sa rarrabe launi. Iri na biyu masu siffar mazurari ne, kimanin miliyan 6, waɗanda ke aiki da rana, su ne kuma ke gane launi. Waɗannan ƙwayoyi suna juya haske zuwa saƙon lantarki, jijiyar gani ta ɗauki saƙon zuwa sashen baya na ƙwaƙwalwa, inda ake fassara shi.

Wannan aiki yana ɗaukar ɗan lokaci, don haka ido ba ya iya rarrabe abubuwan da suka biyo juna da sauri ƙwarai. Alal misali, idan yaro ya ɗauki kara mai garwashi a baki ya wulwula shi da dare, masu kallo za su ga da'irar wuta, alhali kuwa garwashin ɗaya ne tak, a wuri ɗaya yake a kowane lokaci. Haka kuma fitilar da ke kunnuwa tana mutuwa kamar sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, mafi yawan mutane za su gan ta kamar a kunne take ba yankewa.

A da, littattafai kan ce wannan saura na haske da ke ɗan daɗewa a ido shi ne dukkan dalilin da ya sa ake ganin motsi a majigi da talabijin. Binciken da ya biyo baya, tun daga aikin Max Wertheimer na 1912, ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ce ke da babban rabo. Idan aka nuna mata hoton abu a wuri ɗaya, aka sake nuna shi ya ɗan gusa cikin ƙiftawar ido, sai ta cike giɓin da kanta, ta yanke hukuncin cewa abin ya motsa. Ke nan babu abin da ke motsi a jikin gilashin talabijin. Hotuna ne tsayayyu ke bin juna, motsin kuwa a cikin kan mai kallo ake haɗa shi.

Masu Ƙirƙira na Farko

Matsalar da ta fuskanci masanan farko ita ce yadda za a tura hoto ta waya ko ta iska. Murya abu ne da ke zuwa bi da bi, don haka tura ta bai yi wuya sosai ba. Hoto kuwa yana da faɗi da tsawo, kowane ɗigo nasa da irin haskensa. A 1873 wani injiniyan Ingila, Willoughby Smith, ya lura cewa sinadarin saliniyam yana ƙara barin lantarki ya ratsa shi idan haske ya same shi. Wannan ya nuna cewa ana iya juya haske zuwa lantarki, kamar yadda tantanin ido yake yi.

A 1884 wani ɗalibi a Jamus, Paul Nipkow, ya kawo dabarar yanka hoto layi-layi. Ya tsara faifai mai jerin hudoji da suka karkace daga baki zuwa ciki, ta yadda idan faifan yana juyawa, kowace huda za ta share layi ɗaya na hoton. A 1897 kuma Karl Ferdinand Braun ya ƙera wata kwalba da aka zuƙe wa iska, wadda ake harba ƙwayoyin lantarki a cikinta su bugi gilashin gaba ya yi haske. Wannan kwalba ita ce kakar manyan akwatunan nan masu ƙugu da aka saba gani a gidaje.

Mutumin da ya fara nuna hoton fuska mai motsi ta wannan hanya shi ne John Logie Baird, mutumin Sikotlan, wanda ya yi amfani da faifan Nipkow. Fitilun da yake haska ɗakinsa da su suna da zafi ƙwarai, don haka da kan ɗan tsana ya fara gwaji. A watan Oktoba 1925, da hoton ɗan tsanar ya fito, sai ya kirawo wani saurayi ɗan aike mai suna William Taynton ya zaunar da shi gaban na'urar. A ranar 26 ga Janairu 1926 Baird ya nuna aikinsa ga taron masana a Landan. Hoton layi 30 kawai gare shi, da ƙyar ake gane fuska.

A Amurka kuwa, Philo Farnsworth ya bi wata hanya wadda babu faifai mai juyawa a cikinta, lantarki ne zalla. An ruwaito cewa tunanin ya zo masa ne yana yaro, da ya dubi yadda garma take jan kunyoyi a jere a gonar gidansu. A 1927 ya yi nasarar tura hoto a ɗakin gwajinsa da ke San Faransisko. Vladimir Zworykin, ɗan asalin Rasha da ke aiki da kamfanin RCA, shi ma ya ƙera tasa kyamarar ta lantarki.

Jamus ta fara watsa shirye-shirye a kai a kai a 1935. A ranar 2 ga Nuwamba 1936 BBC ta buɗe tasharta a Alexandra Palace da ke Landan, inda ta riƙa gwada tsari biyu: na Baird mai layi 240, da na kamfanin Marconi-EMI mai layi 405. A farkon 1937 aka ajiye na Baird, tsarin lantarki ya yi rinjaye. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa an rufe tashar a ranar 1 ga Satumba 1939, ba a sake buɗe ta ba sai 1946.

Yadda Hoto Yake Isowa Gida

Tsarin da Nijeriya ta yi amfani da shi shekaru masu yawa yana yanka kowane hoto zuwa layi 625, yana kuma tura hoto 25 a daƙiƙa ɗaya. Idan ɗalibi ya ninka 625 sau 25, zai samu layi 15,625 a kowace daƙiƙa. A cikin tsohon akwati, wani siririn tsinken lantarki ne ke zana waɗannan layuka a jikin gilashi, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa. Domin kada mai kallo ya ga hoton yana ƙifta, ana raba kowane hoto gida biyu: a fara zana layi na 1, na 3, na 5 har ƙasa, sa'an nan a dawo a cike na 2, na 4, na 6. Ta haka gilashin yana haskawa sau 50 a daƙiƙa, wato daidai da bugun wutar lantarkin ƙasar nan. An zaɓi wannan adadi ne gwargwadon idon mutum. Kare da ƙuda sun fi mutum saurin gane ƙiftawar haske, don haka abin da mutum ke gani a tsaye cak, su suna iya ganinsa yana ɓari.

Talabijin mai kala ma daga halittar ido aka samo dabararsa. Ƙwayoyin nan masu siffar mazurari kashi uku ne, kowane kashi da ɓangaren hasken da ya fi ji: ɓangaren ja, na kore, da na shuɗi. Saboda haka gilashin talabijin ba ya buƙatar launuka dubu, ƙananan ɗigo masu waɗannan launuka uku sun isa. Idan ja da kore suka haska tare, ido yana ganin rawaya, idan kuma duka ukun suka haska, sai ya ga fari. Tsarin kala da Nijeriya ta ɗauka shi ne PAL, wanda injiniya Walter Bruch na kamfanin Telefunken ya fito da shi a Jamus a farkon shekarun 1960. Akwatunan bango da wayoyin hannu na zamani ba su da tsinken lantarki, amma har yanzu a kan waɗannan launuka uku suke aiki.

Daga tasha, ana ɗora saƙon hoto da na murya a kan igiyoyin rediyo masu gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa. Igiyoyin talabijin a miƙe suke tafiya, ba sa bin lanƙwasar ƙasa sosai. Wannan ne dalilin da ya sa ake gina dogayen turaku a tashoshi, shi ne kuma ya sa mutumin Gama yake kama tashoshin Kano garau da ƙaramar eriya, alhali na ƙauye mai nisa sai ya ɗaura tasa a kan dogon gora.

Shigowar Talabijin Nijeriya

Siyasa ce ta kawo talabijin Nijeriya da wuri. A 1953 Gwamna Macpherson ya soki jam'iyyar Cif Obafemi Awolowo ta gidan rediyon gwamnati, aka kuma hana Awolowo damar mai da martani. Tsarin mulkin 1954 ya ba jihohi ikon kafa gidajen watsa labarai nasu, don haka a ranar 31 ga Oktoba 1959 Jihar Yamma ta buɗe WNTV a Ibadan, tashar farko a Afirka kudu da Sahara. Jihar Gabas ta buɗe tata a Inugu a 1960.

Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ta kafa kamfanin watsa labarai na BCNN tare da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila. A 1962 gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna ya fara aiki, a shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta buɗe tata tashar a Legas. Bayan ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, sababbin jihohi suka shiga kafa nasu. Tashar Binuwai-Filato da ke Jos ita ce ta fara watsa hoto mai kala a tsakiyar shekarun 1970, a daidai lokacin da Kano ta samu tasharta ta farko. A 1977 gwamnatin soja ta yi dokar da ta kafa hukumar NTA, ta haɗe dukkan tashoshin ƙasar a ƙarƙashinta.

Tsarin mulkin 1979 ya mayar wa jihohi damar mallakar tashoshi. Gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi, wadda ta mulki Kano daga 1979 zuwa 1983, ta kafa CTV 67, lambar kuwa ta zangon da tashar ke watsa shirye-shirye a kai ce. Bayan rasuwar Rimi a 2010 aka sauya mata suna zuwa ARTV domin tunawa da shi. A 1992 aka yi dokar da ta halatta wa 'yan kasuwa buɗe tashoshi masu zaman kansu.

'Yan Wasan da Suka Raya Akwati

Na'ura komai kyanta, ba ta tara jama'a sai da abin kallo. Bahaushe kuwa bai jira talabijin ba kafin ya san wasan kwaikwayo. Akwai tashe a watan azumi, akwai wasan gauta, akwai 'yan kama da 'yan gambara. A zamanin Turawa an riƙa yawo da majigi gari-gari ana nuna finafinan wayar da kai irin su Baban Larai. Daga nan rediyo ya karɓa, inda wasannin Shu'aibu Maƙarfi da shirin Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan suka yi fice a Kaduna. Da yawa daga 'yan wasan talabijin na farko daga rediyo da ƙungiyoyin wasan daɓe suka fito.

Aikin bai zo musu da sauƙi ba. Sai a 1956 kamfanin Ampex na Amurka ya fito da na'urar naɗar hoto a kaset, ta kuma daɗe tana da tsada. Saboda haka shirye-shiryen farko kai tsaye ake watsa su, in ɗan wasa ya yi tuntuɓen harshe, duk gari ya ji. Ga zafin fitilu, ga kyamarori masu nauyi da ba sa fita waje. Yawancin wasannin Hausa ba a rubuta su kalma-kalma, sai a tsara jigon labari, kowa ya san matsayinsa, sauran magana ta fito daga hikimar ɗan wasa.

A Kaduna, Usman Baba Pategi, ɗan gidan sarautar Pategi wanda ya yi aikin soja, ya shahara da sunan Samanja Mazan Fama. Da gashin bakinsa da Hausar bariki mai gauraye da Turancin buroka, ya nuna wa farar hula rayuwar soja ta hanyar raha, a zamanin da sojoji ke mulkin ƙasa. Ya rasu a 2023. Ƙasimu Yero ya yi suna a Karambana da kuma wasan da aka ɗauko daga littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, har ila yau ya fito a Cock Crow at Dawn, shirin Turanci kan aikin gona da aka fara a Jos a 1980, wanda aka kalla a duk faɗin ƙasa. Ya rasu a 2017. Akwai Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, marubucin Kulɓa Na Ɓarna. A Jos an yi Karkuzu, a Sakkwato an yi Idon Matambayi. A Kano kuwa, Kuliya Manta Sabo, inda Daudu Galadanci yake zaman alƙali, ya koya wa jama'a yadda shari'a take gudana, sa'an nan CTV ta fito da dogayen wasanni irin su Bakan Gizo da Hadarin Ƙasa.

Waɗannan wasanni sun yi aikin makaranta ga mutanen da ba su shiga aji ba. Ta cikinsu aka ja hankalin jama'a kan tsafta, da zuwa asibiti, da sanya yara makaranta, da illar cin hanci da auren dole. Su ne kuma suka share fagen sana'ar finafinan Hausa. Da na'urar bidiyo ta yi araha, ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa. Daga nan aka samu masana'antar da ake kira Kannywood, wadda ta fito da irin su Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014. A wannan shekara ce tashar Arewa24 ta fara aiki, ta dawo da al'adar dogon wasa mai zuwa mako-mako da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa.

Abin da Ke Neman Salwanta

Ɗalibin da ya so ya kalli waɗannan tsofaffin wasanni zai sha wuya kafin ya samu da yawa daga cikinsu. Waɗanda aka watsa kai tsaye sun tafi tare da iska. Waɗanda aka naɗa kuwa, tsadar kaset ta sa tashoshi a ƙasashe da dama, har da BBC, sun riƙa goge tsohon shiri su naɗi sabo a kai. Ragowar ma ba su tsira ba, domin kaset siririn leda ne da aka manna wa garin maganaɗisu. Zafi da danshin damina suna narkar da mannin, fumfuna tana tsirowa a kai tana cin sa, ƙurar hunturu tana karce shi, na'urorin da ke karanta shi kuma an daina ƙera su. Hanyar ceto ita ce a ajiye kaset a wuri mai sanyi marar danshi, a kuma kwafe shi zuwa kwamfuta tun bai lalace ba. Duk kaset ɗin da ya mutu, ya tafi da Hausar wani zamani, da suturarsa, da yanayin gidaje da kasuwanninsa, abubuwan da masu nazarin harshe da tarihi ba za su samu a wani wuri ba.

Ayyuka Domin Aji

1. A yanki kwali zagayayye, a zana tsuntsu a fuska ɗaya, keji a ɗaya fuskar a juye, a ɗaura zare a gefe biyu a murza da sauri. Ɗalibai su bayyana dalilin da ya sa tsuntsun ya shiga kejin.

2. A zana ɗan mutum a kusurwar shafi 25 na tsohon littafin rubutu, kowane zane ya ɗan bambanta da na baya, sa'an nan a saki shafukan da babban yatsa. A gwada da sauri, a kuma gwada a hankali.

3. A dubi farin wuri a gilashin talabijin ko na waya da madubin ƙara girma. Launuka nawa aka gani?

4. Idan tasha tana tura hoto 25 a daƙiƙa, hoto nawa ke cikin wasan minti 30?

5. Kowane ɗalibi ya zauna da wani dattijo ko dattijuwa a unguwarsu, ya tambayi shekarar da suka fara ganin talabijin, da gidan da suka gani, da wasan da suka fi so. Malami ya tattara amsoshin a ajiye a ɗakin karatun makaranta.

Kammalawa

An ga yadda talabijin ya ginu a kan halittar ido da ƙwaƙwalwa, da yadda ya taso daga faifan Nipkow na 1884 zuwa Ibadan a 1959, Kaduna a 1962, sa'an nan Kano. An kuma ga gudummawar 'yan wasan da suka sa Bahaushe ya ɗauki wannan baƙuwar na'ura tamkar tasa. Da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Waɗanda suka yi aiki da su da waɗanda suka kalle su suna nan a Gama da sauran unguwannin Kano, wasu ma da tsofaffin kaset a ƙasan akwati. Ya rage ga malamai da ɗalibai su je su same su, su rubuta abin da suka sani tun da sauran lokaci.